Rajistar Kwamfuta: Wa Yake da Iznin Taɓa Ta?

Jama'a, kowace kwamfuta mai aiki da Windows tana da wani babban kundi a cikinta wanda ake kira rajista. Kamfanin Microsoft ya fara sa shi a cikin Windows 3.1 a shekarar 1992. A nan ne na'ura take ajiye bayanin yadda aka daidaita ta: manhajojin da aka saka mata, da kayan da aka jona mata irin su firinta, da abin da kowane mai amfani ya zaɓa wa kansa.

Ana buɗe kundin da wata manhaja mai suna regedit. Manyan sassansa 5 ne, amma biyu ya kamata mai karatu ya sani. HKEY_CURRENT_USER na mutumin da ya shiga na'urar ne, kuma yana da iznin canza yawancin abin da ke ciki. Shi kuwa HKEY_LOCAL_MACHINE ya shafi duk masu amfani da kwamfutar, saboda haka sai mai gudanarwa ne yake iya rubutu a cikinsa.

Tun fitowar Windows Vista a 2007, ko mai gudanarwa sai na'ura ta nemi ya tabbatar kafin ta buɗe masa regedit. Wasu sassa ma Windows ce da kanta ta mallake su, da sunan TrustedInstaller, kuma ba a iya gyara su sai an karɓe mallakar.

Me ya sa aka tsananta haka? Dalili shi ne duk gyaran da aka yi a rajista nan take yake zama, babu maɓallin warware shi. Kuskure ɗaya yana iya hana kwamfuta tashi, aikin ofis ya tsaya cik.

Don haka a kiyaye waɗannan:

1. Kafin ka canza kome, ka adana kwafin sashen ta hanyar Export, domin ka iya mayar da shi.
2. Ka canza abu ɗaya tak a lokaci guda, ka rubuta yadda ka same shi.
3. In na'ura ta hana ka, kada ka ƙwace iznin da ba a ba ka ba. Ka nemi jami'in da ke kula da kwamfutoci.
4. Kada ka buɗe fayil mai ƙarewa da .reg wanda ba ka san asalinsa ba.

Kwamfutar ofis dukiyar jama'a ce, amana ce a hannunka. Rigakafi ya fi magani.