DARASIN WANNAN WATA: TSOHON RUMBUN DA AKA TAYAR

 Darasinmu na wannan wata zai kai mu ƙasar Ingila. Za mu ji labarin wani tsohon rumbu da ya ƙone, ya shekara 42 babu rufi, sannan aka tayar da shi. A karanta a hankali. Akwai tambayoyi a ƙarshe.

Yadda rumbun Ingila yake

Rumbun Ingila ya bambanta da namu. Namu na laka ne ko na kara, kuma mutum ɗaya ko biyu ke shiga. Nasu kuwa gini ne babba, ya fi ɗakin kwanan mutane girma nesa ba kusa ba. Dalili shi ne a ƙasarsu ana samun ruwan sama a kowane lokaci na shekara. Manomi ba ya iya barin damin alkama a fili. Saboda haka a zamanin da, sai ya kwaso dammunan duka ya shigar da su ciki, ya riƙa sussuka a hankali a lokacin sanyi.

Irin wannan rumbu yana da manyan ƙofofi biyu masu kallon juna. Keken doki yana shiga ta ɗaya da kaya, ya fita ta ɗayar. Filin da ke tsakanin ƙofofin shi ne masussuka. Idan za a yi sheƙa, sai a buɗe ƙofofin duka biyu, iska ta ratsa ta kwashe ƙaiƙayi. A jikin bango kuma akwai ƴan kafofi domin hatsi ya sha iska, kada ya yi fumfuna.

Rumbun ƙauyen Pilton

Pilton ƙauye ne a lardin Somerset, a kudu maso yammacin Ingila. An gina rumbunsa da dutse a ƙarni na 14, watau fiye da shekara 600 ke nan. Masu shi su ne malaman wani babban gidan ibada na Kiristoci da ke garin Glastonbury, kusa da ƙauyen. Gidan yana da gonaki masu yawa, kuma a irin waɗannan rumbuna ake tara amfaninsu.

A shekarar 1539 Sarki Henry na 8 ya rufe wannan gidan ibada. Aka kwashe dukiyarsa. Da tafiya ta yi tafiya, mutane suka riƙa ɗibar duwatsunsa suna yin nasu ginin, har ya zama kango. Amma huɗu daga cikin rumbunansa suna nan tsaye har yau. Me ya sa? Domin manoma ba su daina bukatarsu ba. Ginin da ake amfani da shi, in ya yi yoyo akan toshe, in ya tsage akan ɗinke. Ku riƙe wannan magana, ita ce zuciyar darasinmu.

Ranar da aradu ta faɗa

A watan Yuni na shekarar 1963 aradu ta faɗa wa rumbun Pilton. Wuta ta kama, ta cinye katakon rufin. Sai bangon dutse kawai ya rage.

Kowane magini ya san cewa rufi shi ne hular gini. Idan babu shi, ruwa yana sauka a kan bango, ya shiga tsakanin duwatsu, ya wanke abin da ya haɗa su. Ciyawa da ƴan itatuwa su tsiro, saiwarsu ta ƙara buɗe tsaga. A ƙasa mai sanyi kuma, ruwan da ya shiga yakan daskare ya zama ƙanƙara, ya kumbura, ya fasa dutse. Haka rumbun ya zauna shekara da shekaru. Yaran da aka haifa bayan gobarar suka girma, suka yi aure, ba su taɓa ganinsa da rufi ba.

Yadda aka tayar da shi

A shekarar 1995 wani manomi ɗan ƙauyen mai suna Michael Eavis ya sayi kangon. Mai kiwon shanun madara ne, kuma shi ne ya fara shirya wani babban bikin kiɗa a gonarsa tun 1970. Da ya saya, bai riƙe wa kansa ba. Ya miƙa shi ga wani kwamitin amintattu da aka kafa domin rumbun. Wannan dabara ce mai kyau. Abin da ke hannun mutum ɗaya yana iya shiga rabon gado ko a sayar. Abin da ke hannun kwamiti kuwa na jama'a ne.

Daga nan aka shiga neman kuɗi. Wata hukuma mai tallafa wa aikin adana kayan tarihi ta ba da kaso mai tsoka. Bikin kiɗan shi ma ya ba da nasa.

Kafintan da ya jagoranci aikin rufin sunansa Peter McCurdy, gwani ne a sassaƙa irin ta mutanen da. Ya yi aiki da wani itace da Turawa ke kira ok, mai ƙarfi da daɗewa kamar ƙirya. A irin wannan aiki akan samo itatuwa masu lanƙwasa, a kafa su biyu biyu suna fuskantar juna, su ɗauki nauyin rufi. Wanda ya taɓa ɗaga kai ya dubi bakan gizo a tsohon soro zai gane fasalin. Akan huda katako, a sassaƙa bakin wani ya shiga ciki, sannan a buga turken itace ya riƙe su. Masu wannan sana'a sukan duba tsofaffin hotuna da guraben da tsohon katako ya bari a bango, domin sabon aiki ya yi daidai da na da. Bayan an gama katako, aka rufe sama da ƴan alluna na gasasshen yumɓu.

An kammala aikin a shekarar 2005. Daga saye zuwa gamawa shekara 10 aka yi. Sannu ba ta hana zuwa.

Sabon aikin rumbu

A yau manoman Ingila da injin suke girbi, kuma injin ɗin yana sussuka tun a gona. Ba su da bukatar irin wannan rumbu domin hatsi. Da an gyara shi an kulle, da ya sake lalacewa. Saboda haka aka ba shi sabon aiki. Ya zama wurin taron ƙauye da bukukuwa, baƙi kuma suna zuwa ganin aikin kafintoci.

Ɗan'uwansa da ke garin Glastonbury shi ma an ba shi nasa aikin. A shekarar 1975 aka buɗe gidan tarihin rayuwar karkara a gonar da yake ciki. An tara kayan aikin manoman da, ana nuna yadda suke noma da kiwo da yin cuku. Ana kai ƴan makaranta su gani da idonsu. Yaron da bai taɓa riƙe lauje ba yana ganin abin da kakansa ya ci abinci da shi. Rumbun da ya ajiye hatsi jiya, yau ilmi yake ajiyewa.

Mu ma mun san irin wannan. Gidan Makama na Kano tun ƙarni na 15 yake, zamanin Muhammadu Rumfa, kuma yanzu gidan tarihi ne.

Abin da muka koya

Na ɗaya, a fara da rufi. Tsohon gini in ya sami rufi mai kyau da indararo, bango zai jira sauran gyara.

Na biyu, a san mai shi. Kafin a sa hannu, a zauna da magada da mai gari, a rubuta yarjejeniya.

Na uku, a nemi masu tsohuwar sana'a tun suna da rai, a haɗa su da matasa su koya.

Na huɗu, a ba ginin aiki. Ajin karatu, ko ɗakin taro, ko wurin ajiye kayan tarihin gari.

Sababbin kalmomi

Ƙarni: shekara 100.
Kango: ginin da aka bari ya lalace.
Amintattu: mutanen da aka ba amanar kula da dukiyar jama'a.

Tambayoyi

1. Me ya sa rumbun Ingila yake da ƙofofi biyu masu kallon juna?
2. Me ya sa gidan ibada ya zama kango, rumbunansa kuwa suka tsira?
3. A wace shekara aradu ta faɗa wa rumbun Pilton?
4. Lissafi: a cire 1963 daga 2005. Nawa ya rage?

Aikin gida

Ku zaga garinku. Akwai tsohon soro, ko sito, ko ɗakin auna auduga da aka bari? Ku tambayi dattawa wanda ya gina shi da abin da aka yi da shi. Kowa ya rubuta layi biyar, ya kawo wa malami a aji.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa.