Yadda ake haɗa wa yara zaman kiɗa da waƙa a dogon hutu

Dogon hutu yana faɗowa ne a tsakiyar damina, daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, lokacin da ya kamata a ce yaran ƙauyukanmu suna gona. To gonar ta gagara shiga saboda hare-haren 'yan bindiga. Da yawansu suna cikin Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, a raɓe a gidajen dangi da kangaye da azuzuwan firamare, ba karatu ba noma, ga firgita cikin barci. Zaman kiɗa yana ba irin wannan yaro awa guda da jikinsa zai saki. Na daɗe ina yin sa, kuma shawarar da ta fi ɓata min rai ita ce ta masu cewa a ɗauko lasifika a cika unguwa da amo. Yaron da ya kwana a daji saboda ƙarar bindiga, amon da yake bukata shi ne wanda ya san lokacin zuwansa, wanda kuma hannunsa ne ke yin sa.

Fara da neman izini. Ka je wa mai unguwa da liman da iyaye mata, ka faɗa musu abin da za a yi. Zamfara ce ta fara ƙaddamar da shari'a a 1999, mutanenmu suna sa ido kan kiɗa, don haka ka raba maza da mata, ka ba 'yan mata malama. Yara goma zuwa sha biyu sun isa, masu kusan shekaru ɗaya. A yi da hantsi, a tsakiyar gari, a tashi kafin azahar. Ban yarda da taron dare ba ko kusa.

Caki ba shi da wuya: gorar lemo ta roba, a wanke, a zuba ƙananan tsakuwa, a ɗaure murfi. Kada ka zuba gero ko wake a gaban uwar da ba ta ɗora tukunya ba. Kuma ina roƙonka da Allah, ka duba kowace gora da yaro ya kawo. Damina ce, robobin maganin feshi suna ko'ina, kuma wanki ba ya fitar da gubarsu. Haka gwangwanin fenti. Jihar da ta ga abin da gubar dalma ta yi wa yaran Anka da Bukkuyum a 2010 ba ta bukatar dogon bayani a nan.

Ganga ce mai aiki. Ni gwangwanin Milo ko Nido babba nake nema, saboda bakinsa ba kaifi, kuma yana da ɗan leɓen da ke riƙe ɗauri. Na tumatir da aka buɗe da wuƙa yana yanka yatsa. In shi kaɗai ka samu, ka daddake bakin da guduma har ya kwanta. Huda gindin sau uku ko huɗu da ƙusa, in ba haka ba sautin zai shaƙe a ciki.

Kowa zai ce maka ka sa fatar akuya. Da rani gaskiyarsu, amma a watan Agusta fata tana shan danshi ta saki, sai an yi ta gasa ta a bakin wuta, kuma ba na son wuta kusa da yara. Je wurin mai faci ka karɓi tsohuwar robar cikin tayar babur, kusan kyauta zai ba ka, ko kuɗin shayi. Wanke ta, ka yanka da'ira wadda ta fi bakin gwangwanin da faɗin yatsu huɗu ta kowane gefe. Yi yankan da almakashi a tafi ɗaya, domin duk inda ka bar ɗan tsagi, daga nan za ta yage in an ja. Sai ka yanko doguwar tsirkiya daga sauran robar don ɗauri.

Aikin na mutum biyu ne. Ɗaya ya danne gwangwani tsakanin gwiwoyinsa, ya ja robar gabas da yamma, sannan kudu da arewa, ɗaya yana naɗa tsirkiyar a ƙarƙashin leɓen yana ja. Bayan zagaye biyu ku tsaya ku buga tsakiya da yatsa. In ta ce faf, da saura, ku bi gefe-gefe kuna jan inda ya tattare. In ta yi ƙara siriri mai kaifi, kun wuce, ku sassauta. Murya mai kauri ake so. Balan-balan kuwa kada ya shigo wurin sam: ranar da ya fashe, za ka ga yara sun watse, wasu ba za su dawo ba.

'Yan mata suna da nasu tun kaka da kakanni. A kife ƙwarya marar tsagi a baho mai ruwa, a buga da ɗan icce da aka naɗe wa tsumma. Ɗan karkata ta iska ta fita, muryar za ta canja. Ƙwarya da shantu ana samu a kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, in ma wata inna ba ta ara muku ba.

Zaman kansa kullum ya fara iri ɗaya. A zauna a da'ira, kowa yana ganin ƙofa, ka ɗauko bugu guda a hankali kamar na daka, su bi ka. Sai zagayen suna: a kira sunan yaro, ya buga nasa, kowa ya maimaita. Daga nan ka miƙa jagoranci, kowane yaro ya samu damar ɗaga hannu ya ce a tsaya, a kuma tsaya masa. Wannan ne gishirin abin. Yaron da aka kora daga gida ba a tambaye shi ba, yau shi ke tsayar da mutum goma. Wanda ya ƙi taɓa komai ka ƙyale shi, ajiye caki kusa da shi kawai.

Waƙa kuwa, a bar 'yan mata su kawo gaɗar garinsu, maza su kawo waƙoƙin noma da na Islamiyya. Ka gaya musu ƙasarsu ce ta haifi Narambaɗa na Tubali da Ɗanƙwairo. Kassu Zurmi ma namu ne, amma kiɗan tauri na zuga maza ne, ba nan ne wurinsa ba. Kada ka taɓa sa yaro ya rera abin da ya gani ranar hari. In ya fara faɗa da kansa, ka saurare shi a gefe bayan an tashi.

Minti goma na ƙarshe a rage bugu har ya mutu, a yi addu'a, kowa ya rubuta ko ya zana alama a gangarsa, a tara su a buhu wuri guda, nesa da rana don kada robar ta tsattsage. Yaron da ya daina magana, ko ya daina ci, ko yake ta ihu cikin dare mako bayan mako, ka sa iyayensa su kai shi babban asibitin garin. In abin ya fi ƙarfin asibitin, akwai asibitin tarayya na Gusau da na ƙwaƙwalwa a Kware.