Hakkin Wanda Ya Tuba Daga Shaye-shaye

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

Bayan haka, 'yan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan mako a kan magidancin da aka sallamo daga gidan jinyar shaye-shaye ne. A gari irin Jibiya, kan hanyar Katsina zuwa Maraɗi, yakan dawo ya iske abokansa na dā suna jiransa a tasha.

To, mu sani mari ba ya gyara zuciya. A 2019 'yan sanda sun tarar da mutane ɗaure da sarƙa a gidajen mari na Daura da Katsina.

Abu uku ke wuyanmu. Na farko, a raba shi da tsohuwar majalisarsa. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin wanda ya kashe rai 100, malami ya umurce shi da ƙaura zuwa garin salihai.

Na biyu, a daina goranta masa. An sha kawo wani sahabi saboda giya, Annabi (S.A.W.) ya hana a la'ance shi, domin yana son Allah da Manzonsa.

Na uku, a ba shi sana'a, a riƙa raka shi wurin likita. Likitoci sun tabbatar cewa wanda ya daɗe bai sha Tramadol ba, idan ya koma ya sha yawan da ya saba, yana iya rasa ransa.

Allah ya tabbatar da mu bisa tuba, amin.