Yadda Ake Ciyar da Doki Sannu a Hankali da Ragar Ciyawa

Ragar ciyawa jaka ce da ake saƙawa da igiya mai ƙwari, a cusa ingirici a ciki, a rataye wa doki don ya riƙa zaro abincinsa kaɗan-kaɗan ta ramukan saƙar. Masu dawaki a Turai da Amurka sun daɗe suna amfani da ita a barga da cikin motar ɗaukar dawaki. Wadda aka fi mayar da hankali a kanta yanzu ita ce mai ƙananan ramuka, domin ita ce ke ja wa doki lokacin cin abinci.

Dalilin yin haka yana cikin halittar dokin kansa. Tumbinsa ƙarami ne, abin da yake ɗauka bai wuce lita 8 zuwa 15 ba, kuma yana tsattsafo da ruwan asid dare da rana, ko da abinci ko babu. Yawu ne ke rage kaifin wannan ruwa, shi kuwa doki ba ya samar da yawu sosai sai yana tauna. Wanda aka sake a makiyaya yakan kwashe awa 14 zuwa 16 a rana yana kiwo. Wanda ke ɗaure a turke kuwa, in an zube masa ciyawa safe da yamma, nan da nan zai share ta, ya wuni ciki wayam. Daga nan ake samun gyambon ciki da murɗar ciki, da miyagun ɗabi'u irin su gwaguyar katako. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Minesota ta Amurka, aka wallafa a 2014, ya nuna cewa ciyawar da doki ke cinyewa cikin kimanin awa 3 idan an zube ta a ƙasa takan ɗauke shi fiye da awa 6 a raga mai ƙananan ramuka.

Aikin yana farawa da awo. Doki yana bukatar busasshiyar ciyawa da ta kai kashi 1.5 zuwa 2 cikin 100 na nauyinsa a kowace rana, wato mai nauyin kilo 400 zai ci kilo 6 zuwa 8. Ana auna ta da sikelin ratayawa, ba da ido ba, domin dami ya fi dami nauyi. Raga ba dabarar rage wa doki abinci ba ce. Rabonsa na nan yadda yake, lokacin cin ne ake miƙarwa. Ana raba shi kashi biyu ko uku, a bar kaso mafi tsoka don dare, ta yadda dokin ba zai wuce awa 4 zuwa 5 bai tauna komai ba.

Sai zaɓen raga. Ta yau da kullum ramukanta sukan kai santimita 10 zuwa 15, ba ta rage saurin ci sosai. Ta ciyarwa a hankali ramukanta santimita 3 zuwa 5 ne. Dokin da bai saba ba da mai santimita 5 ake fara masa.

Kafin a cusa ciyawar ana karkaɗe ta, a fitar da ƙura da ƙaya da duk abin da ya yi fumfuna. Hanya mafi sauƙi ita ce a zura ragar cikin babban bokiti, a naɗe bakinta a kan leɓensa, a zuba ciyawar, sannan a ja igiyar bakin a tsuke. Idan dokin mai tari ne ko mai yawan ƙiba, ana tsoma ragar da ciyawarta cikin ruwa mai tsabta na minti 30 zuwa 60, a tsane, a ba shi nan take. Jiƙon yana kwantar da ƙura, yana kuma rage sukari. Harawar wake da ta gyaɗa ganyensu yakan marmashe ya zube ta ramukan, don haka ana gauraya su da ingirici, a ajiye komi a ƙarƙashin ragar. Komin yana hana doki tsintar ganye a kan rairayi, wanda in ya taru a hanji yakan jawo ciwon ciki mai tsanani.

Wurin ratayawa ne aka fi yin kuskure. Raga takan yi tsawo yayin da take ƙarewa, don haka ana zura igiyar bakin ta zoben bango, a sako ta cikin gindin ragar, a ja sama a ɗaure, gindin ya tsaya daidai ƙirjin doki ko da babu komai a ciki. In ta yi ƙasa, ƙafa za ta iya sarƙewa, musamman ga doki mai takalmin ƙarfe, wanda igiya kan maƙale tsakanin ƙarfen da kofato. In ta yi sama da yawa, ƙura za ta riƙa zuba masa a ido da hanci, wuyansa kuma ya gaji. Ƙullin ya zama mai kwancewa da fisga ɗaya, kuma a haɗa shi da zoben ta hanyar siririyar igiya wadda za ta tsinke idan dokin ya sarƙe. A cire masa ragama mai ƙugiya kafin a bar shi da raga.

Sabo yana bukatar kwanaki. Da fari ana ba shi rabin rabonsa a komi, rabi a raga, a zazzaro ciyawa ta ramukan don ya gane hanya. Cikin mako ɗaya ko biyu sai a mayar da duka cikin raga. Dokin da ke dukan ragar da ƙafa, ko yana fisgar ta da fushi, ko yana barin abinci, ramukan sun yi masa ƙanƙanta, sai a koma masa da mai faɗi.

Kullum mai kula da barga yana duba ragar, ya ɗinke inda ya tsinke, domin rami ɗaya da ya buɗe ya isa kofato ya shige. Yana duba leɓe da dasashin dokin ko akwai gurjewa, ya lura ko jikinsa na ramewa, ya tabbatar ruwan sha bai yanke ba. Tsohon doki mai raunin haƙora, da ramamme, da mai ciwon wuya ko baya, da ɗan doki mai ƙaramin kofato, ba a sa musu raga sai da shawarar likitan dabbobi. Su a komi ake zuba musu, kaɗan-kaɗan, sau da yawa a rana.