Aikin soja nake so, wace seri zan ɗauka?

Tambaya: Malam, ina karatu a lise nan Dakoro, burina in zama hafsan soja. Tsakanin seri A, C da D, wacce zan riƙe har bak?

Amsa: Ɗana, Allah Ya cika maka burinka. Fara da sanin aikin da kake so cikin kaki. In likitan soja ne, ɗauki D, inda ilimin halittu yake da nauyi. In tuƙin jirgi ko injiniyanci, C ce hanya, muddin lissafi bai gagare ka ba. Bak mai kyau a D ta fi ta C da aka samu da ƙyar.

Game da makarantun soja, ENSOA ta Agadas ƙananan hafsoshi take horarwa, ta Yamai kuwa hafsoshi. Duka biyun sai da gasa. Ka bi sanarwar Ma'aikatar Tsaro, nan ake faɗin shekaru da takardun da ake bukata.

Kada ka yi wasa da Faransanci, da shi ake rubuta jarrabawar. Ka saba da gudu bayan sallar asuba. Takardar haihuwa da ta ɗan ƙasa kuma, ka duba su tun yanzu, sunanka ya zama ɗaya a kowacce.