Kafin riɗinku ya bar mangaza

'Ya'yana na Magaria da Dungass, ku da ba ku so riɗinku ya tsaya a Maigatari ko Dawanau, kuna neman mai saye a Turkiyya ko Sin, Allah ya yi albarka. Amma ku zauna mu yi maganar inshora.

Ku fara da tambaya guda: daga ina zuwa ina takardar inshorar ta ɗauki nauyin kayan? In kun sayar da sharaɗin FOB, hasara tana wuyanku har sai kwantena ta hau jirgi. Tsakanin Tinkim da tashar Apapa kuwa akwai ramuka da ɓarayi da ruwan sama. Ku ce a rubuta cewa lamunin ya soma tun daga ƙofar mangazarku. A sharaɗin CIF ku ne za ku yanki inshorar, kuma al'adar kasuwa a ƙara kashi 10 cikin ɗari bisa kuɗin kayan.

Takardun hawa uku ne, A da B da C. Mai arhar, wato C, gobara da nutsewar jirgi da kifewar mota take biya. Sata da jiƙewa ba ruwanta. Ko A ɗin ma ba ta biyan hasarar jinkiri. Waɗanda kayansu suka maƙale da Najeriya ta rufe iyaka a watan Agustan 2019, ko bayan Yulin 2023, sun san zafin wannan. Haka riɗin da aka ɗura da danshi ya yi fumfuna, ko aka zuba a ruɓaɓɓen buhu: kamfanin inshora zai ce daga gare ku ne, kuma a ganina yana da gaskiya. Ku shanya shi ya bushe ƙayau.

Jirgi in ya shiga hatsari, akan raba kuɗin ceto a kan duk masu kaya, har wanda buhunsa ko ɗaya bai taɓu ba. An yi haka da jirgin Ever Given ya toshe mashigin Suez a 2021. Marar inshora sai ya ajiye jingina kafin a sakar masa kwantena.

Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshora ba, ya tambayi malaminsa, ya kuma nemi takaful, wato inshorar Musulunci, akwai shi a Najeriya. Ku gaya wa mai saye tun da wuri: in ya ga ɓarna, ya ɗauki hoto, ya rubuta wa masu jirgi nan take, kada ya taɓa kayan sai mai duba na kamfani ya zo.