Ƙofofin kalsiyam, zafi, da gubar dalma

Idan ƙaya ta soke ka a tafin ƙafa, saƙon yana bin jijiyar ji har zuwa laka, cikin ƙashin baya. A nan akwai 'yar tazara tsakanin wannan jijiya da wadda za ta kai labari ƙwaƙwalwa. Kalsiyam ne ke tsallakar da saƙon, kuma a ganina nan ne yawancinmu muke yin hadda ba tare da mun gane ba.

Ga yadda abin yake. Kalsiyam da ke wajen ƙwayar jijiya ya ninka na cikinta fiye da sau 10,000. Fatar ƙwayar tana da ƙofofi, a rufe suke muddin lantarkin ciki yana wajen milibolt 60 zuwa 70 ƙasa da sifili. Da saƙo ya iso, lantarkin ya tashi, sai ƙofofin su buɗe, kalsiyam ya kwararo ciki kamar an fasa madatsar ruwa. Shigarsa ce ke sa jijiyar ta saki sinadarin gulutamet, ta gaba ta karɓa. Tunda kalsiyam na ɗauke da caji, kwararar nan lantarki ce, ana iya auna ta. Neher da Sakmann, Jamusawa, sun ci kyautar Nobel a 1991 kan dabarar awon. A 1985 kuma Nowycky, Fox da Tsien suka rarrabe iri uku, L, N da T, a jijiyoyin ji na 'yan tsaki. Ku riƙe N ɗin nan da kyau: ita ce babba wajen isar da zafi, ita mofin ke dannewa.

To, ina ruwanmu? Dalma caji biyu gare ta, daidai da kalsiyam. Tana toshe ƙofofin nan, wadda ta kutsa ciki kuma ta hau kujerar kalsiyam ta ɓata aiki. A 2010 gubar dalma daga niƙan duwatsun zinare ta kashe yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. Waɗanda suka tsira ma, dalma kan taɓa musu koyo.

Kada ɗan Ƙaura, Shinkafi ko Zurmi ya ce ai can ne, ba mu ba. Kwallin dutse da ake saya a kasuwanninmu ana ranganɗa wa jarirai, galibi dalma ce haɗe da farar wuta. Jariri ya murza ido, ya kai hannu baki, shi ke nan ta shiga. Cikin yaro kuwa yana tsotse dalma fiye da na babba ninki huɗu zuwa biyar.